Masanin da ya yi wa jama'a bayanin bincikensa, kansa ya yi wa

A kowace shekara jami'o'in Najeriya suna yaye ɗimbin masu digiri na biyu da na uku a fannonin kimiyya, noma da lafiya. Kowannensu ya shafe shekaru yana bincike, ya kashe kuɗi, wani ma sai da ya sayar da fili ko mota kafin ya kammala. Daga ƙarshe a ɗaure kundin da bango mai kauri, a rubuta sunan mai shi da ruwan gwal, a kai ɗakin karatu a jera a kan kanta. Can zai zauna ƙura ta rufe shi, in an yi rashin sa'a gara ta yi masa karatun da mutane ba su yi ba. Manomin da aka ɗebi ƙasar gonarsa aka auna, da matar da aka ɗebi jinin ɗanta a asibiti, ba za su taɓa jin abin da aka gano ba.

An saba kallon wannan a matsayin asarar jama'a, kuma asararsu ce. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mai binciken ma yana tafka tasa asarar, ta suna, ta kuɗin bincike, har ma da ta ilimin kansa. Matashin malamin jami'a da ke ganin shiga rediyo ko rubutu a jarida ɓata lokaci ne, ya kamata ya sake lissafi.

Ba za a ga laifinsa kai tsaye ba. Ƙa'idojin ƙarin girma a yawancin jami'o'in ƙasar nan sun ɗora mafi yawan maki a kan maƙalolin da aka buga a mujallun ilimi, sai koyarwa da duba ayyukan ɗalibai. Abin da ake kira hidimar al'umma yana can ƙasan takardar da ɗan makin da bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa zama a wani kwamiti ya isa ya cike gurbin. Malamin da ke da ɗalibai ɗari uku a aji guda, albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, ga bashin karatun da yajin aikin wata takwas na 2022 ya bari, in aka ce masa ya ware yammacin Asabar ya je gidan rediyo kyauta, dole ya tambayi abin da zai samu. Sannan ga tsegumin abokan aiki. Da zarar an fara jin muryar mutum a kafafen watsa labarai sai a laƙaba masa “malamin rediyo”, a riƙa raɗe-raɗin cewa siyasa yake hari.

Wannan tsegumi ba a nan aka fara shi ba. Carl Sagan, masanin taurari ɗan Amurka wanda ya gabatar da shirin talabijin na Cosmos a 1980, ya yi suna a duniya wajen fahimtar da mutane ilimin sararin samaniya. Duk da tarin binciken da ya yi a kan duniyoyin Venus da Mars, da aka gabatar da sunansa don zama mamba a babbar majalisar masana kimiyya ta Amurka a farkon shekarun 1990, bai samu shiga ba, kuma da yawa sun danganta hakan da ƙyashin farin jinin da ya yi a wajen jama'a. Abin dariya, majalisar nan ce ta dawo a 1994 ta ba shi lambar girmamawarta mafi daraja saboda wannan aiki na wayar da kai. Har yau masu nazari suna kiran wannan ɗabi'a ta raina masanin da ya yi fice a idon jama'a da sunan Sagan.

To amma da aka zo aka auna zargin, bai tsaya da ƙafafunsa ba. A 2008 Pablo Jensen da abokan aikinsa suka duba bayanan dubban masu bincike na hukumar CNRS ta Faransa, suka gano cewa waɗanda suka fi fita wayar da kan jama'a su ne kuma suka fi ƙwazo wajen buga maƙaloli. Wato maganar cewa ragon masani ne ke gudu zuwa rediyo ba ta da tushe. Sai dai binciken ya nuna wani abu da bai kamata a ɓoye ba: wannan aiki bai yi wani tasiri na a-zo-a-gani a kan ƙarin girmansu ba, bai ɗaga su ba, bai kuma danne su ba. Saboda haka duk wanda ya ce wa matashin malami hira a rediyo za ta mayar da shi farfesa, yaudararsa ya yi. Ribar tana biyowa ne ta wasu hanyoyi.

Hanya ta farko ta shafi abin da jami'o'in kansu suke ƙirgawa, wato yawan masanan da suka ambaci aikin mutum a nasu rubuce-rubucen. A 1991 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga wani bincike mai ban sha'awa na David Phillips da abokansa. Sun kwatanta maƙalolin mujallar da jaridar New York Times ta ba da labarinsu da waɗanda ba ta kula ba, suka tarar cewa a shekarar farko waɗanda jaridar ta ɗauka sun fi samun ambato daga sauran masana da sama da kashi 70 cikin ɗari. Mai gardama zai ce ai dama jarida mafi muhimmancin bincike take zaɓa, don haka ba abin mamaki ba ne. Masu binciken sun hango wannan. A 1978 ma'aikatan jaridar sun yi yajin aiki na kusan wata uku, a lokacin an ci gaba da tsara jaridar don ajiya amma ba ta fita kasuwa ba. Maƙalolin da aka zaɓa a wannan tsakani, waɗanda ba wanda ya karanta labarinsu, ba su samu wannan ƙarin ambato ba. Ashe su ma masana a jarida suke fara jin labarin aikin junansu. Idan haka abin yake ga mujallar da duk likitan duniya ya san da ita, ina ga maƙalar da aka buga a mujallar wata tsangaya wadda ko a intanet da ƙyar ake samunta?

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke kashe yawancin bincike tun yana cikin ƙwai. Masu ba da tallafi na ƙasashen waje sun daɗe da sauya tambayarsu. Tun 1997 hukumar NSF ta Amurka take auna kowace buƙatar tallafi da ma'auni biyu, ingancin ilimin da kuma amfaninsa ga al'umma. Shirin bincike na Tarayyar Turai yana buƙatar mai nema ya bayyana yadda zai isar da sakamakonsa ga jama'a. A Birtaniya, tsarin da ake bi wajen raba wa jami'o'i kuɗin bincike ya ware kashi 20 cikin ɗari na maki ga tasirin aiki a wajen jami'a a 2014, ya ɗaga shi zuwa kashi 25 a 2021. Malamin Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri da ke son haɗa gwiwa da takwaransa na Ingila, ya sani cewa abokin nasa yana neman wanda zai iya kai aikin ga mutane, don shi ma da haka za a auna shi. Wanda ya riga ya saba da masu unguwanni, ƙungiyoyin manoma da gidajen rediyon jiharsa, yana da hajar da ba a samu a ɗakin gwaji na Landan.

Labarin buhun ajiyar wake da ake kira PICS ya isa misali, kuma a ƙasar Hausa aka yi babban ɓangarensa. Ilimin da ke cikinsa ba mai wuya ba ne: leda biyu masu kauri a cikin buhu na uku, a ɗaure kowace da kyau, iska ta ƙare wa ƙwarin da ke huda wake, su mutu ba tare da an zuba magani ba. Larry Murdock na Jami'ar Purdue da abokan aikinsa na Kamaru sun gwada dabarar a yankin Marwa tun ƙarshen shekarun 1980. Amma ta yi shekaru ba ta yaɗu yadda ya kamata ba, manoma suna ci gaba da sayar da wake da arha da kaka don tsoron ƙwari, ko su zuba masa maganin da ke cutar da mai ci. Sai a 2007 da aka samu tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates, masu binciken, ciki har da Ibrahim Baoua na cibiyar INRAN ta Maraɗi, suka fita daga ofis. Aka bi ƙauyuka dubbai a Nijar, Najeriya da maƙwabtansu, a cika buhu da waken mutanen garin a gabansu, a ɗaure, a bari a hannunsu. Bayan watanni a dawo a tara jama'a a kwance a gaban kowa. Aka haɗa da sanarwa a rediyo, aka kuma samu masana'anta a Kano tana yin buhunan.

Manoma sun amfana, wannan a fili yake. Amma a dubi abin da masu binciken suka samu. Manoman da suka ga wake ya tsira sai suka fara zuba masara, dawa da gujiya a cikin buhun, suna tambaya ko zai yi. Masanan ba su da cikakkiyar amsa, don ba su gwada ba. Tambayar manomi ta zama sabon bincike, sabon binciken ya jawo sabon tallafi da jerin maƙaloli, har sai da aka sauya ma'anar sunan buhun daga na wake kaɗai zuwa na amfanin gona baki ɗaya. Da sun tsaya a kan maƙalarsu ta farko suna jiran duniya ta zo ta same su, da aikin ya tsaya a nan. Mai bincike yakan ɗauka shi ne zai je ya koyar, sai ya dawo da tambayar da shekara goma a ɗakin gwaji ba za ta ba shi ba.

Akwai kuma misali na kusa a Jihar Yobe. Dokta Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa da ke bincike a kan cutar mantuwa a Jami'ar Sussex ta Ingila, tun yana ɗalibin digiri na uku yake dawowa gida yana shirya bukukuwan kimiyya ga ɗaliban sakandare da horar da malamai da 'yan jarida. A 2017 ƙungiyar masana ilimin halittu ta Birtaniya ta ba shi lambar yabo kan isar da kimiyya ga jama'a. A 2021 aka buɗe cibiyar bincike da horarwa ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu ƙarƙashin jagorancinsa, da na'urorin da jami'o'i da dama da suka girme ta ba su da su. Ba wanda zai ce bukin kimiyya ne kaɗai ya gina cibiyar, don mutumin yana da bincikensa da ake bugawa a manyan mujallu. Amma gwamnati ba ta sakin kuɗi ga wanda ba ta taɓa jin sunansa ba, kuma cibiyoyin Turai ba sa kyautar da na'ura ga wanda bai iya faɗa musu abin da za a yi da ita cikin magana mai sauƙi ba.

A arewacin Najeriya akwai wani dalili da ya fi duk waɗannan nauyi, shi ne yarda. Masanin lafiya ko na noma ba ya aiki sai da izinin mutane: jininsu, 'ya'yansu, gonakinsu. Kano ba ta manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kimanin 200 ana tsakiyar annobar sanƙarau, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Wannan tabo na cikin abubuwan da suka share fagen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wanda Kano ba ta janye ba sai a tsakiyar 2004, bayan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai da aka koma ga sarakuna da malaman addini, aka zauna aka yi bayani da harshen da mutane ke ji, kafin a kai ga ranar 25 ga Agusta 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Duk matashin da zai shiga wani ƙauye da allura da kwalabe yau, wannan tarihi yana gabansa. In mutanen garin sun taɓa jin muryarsa yana amsa tambayoyi a rediyo, ko ya taɓa dawowa ya faɗa musu sakamakon aikin baya, ƙofa a buɗe take. In ba haka ba, yana iya shafe rabin kuɗin tallafinsa yana lallashi.

Irin wannan gwaji ne masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suke ciki yanzu. A ƙarshen 2019 aka saki irin wake na SAMPEA 20-T, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci samar da shi, mai jure tsutsar da ke cinye fure da kwanson wake, wanda ke rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa kamar sau biyu. A farkon 2024 aka saki masarar TELA. Duka biyun an sauya musu ƙwayar halitta, kuma muhawara a kansu ta cika Facebook da WhatsApp har ta kai Majalisar Wakilai. Jama'a suna da haƙƙin tambaya: wa ya mallaki irin, za a iya sake shuka shi, wane gwaji aka yi kafin a ce a ci. Masanin da ya ɗauki waɗannan tambayoyi a matsayin jahilci ya yi shiru, ya bar fagen ga mai saƙon murya na minti biyu, kuma aikin shekara goma na iya ruɓewa a rumbun cibiya.

Harshe ma wani abu ne. Bayani da Turanci a jaridar Legas yana da amfaninsa, amma wanda abin ya shafa da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci yake sauraro. Nan ne masana da yawa ke ja da baya, suna cewa Hausa ba ta da kalmomin. Gaskiyar ita ce Turancin fanni yakan zama mafaka. Mutum na iya jera manyan kalmomi shafi guda bai faɗi komai ba, amma in aka ce ya gaya wa kakarsa abin da ya gano da dalilin da zai sa ta damu, nan take za a san ko ya fahimci aikinsa. Wanda ya saba da wannan horo, rubutunsa na neman tallafi ma yakan fi fita fes, domin masu tantancewa ba duka ne 'yan fanninsa ba, kuma suna da tarin takardu a gabansu. Jami'ar Queensland ta Ostareliya ta gane haka tun 2008 da ta ƙirƙiro gasar da ɗalibin digiri na uku zai bayyana bincikensa cikin minti uku, gasar da yanzu ta bazu a jami'o'in duniya. Babu abin da zai hana a yi irinta da Hausa a Bayero ko Ahmadu Bello, a sa wa ɗalibai alƙalai daga kasuwa da gona. Kafafen kuwa ga su nan birjik, daga Rediyon Tarayya na Kaduna da Freedom zuwa Arewa24 da sassan Hausa na gidajen rediyon waje, kullum suna neman wanda ya san abu kuma ya iya faɗa.

Sai dai makirufo yana da daɗi, kuma daɗinsa ya kayar da manya. Didier Raoult na birnin Marsai a Faransa babban masani ne da ake ji da shi a fannin cututtuka masu yaɗuwa. A watan Maris na 2020 ya fito ya shelanta cewa maganin hydroxychloroquine yana maganin korona, bisa gwajin da aka yi a kan mutane ƙalilan. Duniya ta ɗauka, har a Najeriya mutane suka yi ta sayen kulorakwin, wasu suka kwanta asibiti saboda shan da ya wuce kima. Manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su ga amfanin maganin ba, kuma a ƙarshen 2024 mujallar da ta buga maƙalar ta janye ta. Sunan da ya gina cikin shekaru masu yawa ya zube. Najeriya ma ta sha ganin masu kiran taron manema labarai su ce sun gano maganin ƙanjamau ko na wata cuta kafin kowa ya tantance aikinsu. Tsarin da ke kare mutum a bayyane yake: a fara kai aiki gaban masana su tantance, sannan a kai wa jama'a, a faɗi iyakar abin da aka gano, in tambaya ta fita daga fannin mutum ya ce a nemi wani. Masanin ƙasa da aka tambaya game da ciwon ƙoda ya amsa don kada a ce bai sani ba, ya fara haƙa wa kansa rami.

Su ma 'yan jarida suna da nasu kason na laifi. Masana da dama sun daina amsa waya ne saboda an taɓa juya musu magana, sun ce “akwai alamun” aka buga “an tabbatar”. Editan da ke son masana su riƙa zuwa, sai ya yarda a karanta wa mai bincike abin da aka rubuta a kan alƙalumansa kafin a buga, kuma ya daina ɗora kanun da labarin bai ɗauka ba.

Babban gyaran dai yana hannun hukumomin jami'o'i. Muddin takardar ƙarin girma ba ta san da wannan aiki ba, zai ci gaba da zama na masu sadaukarwa kaɗai. Majalisun jami'o'i suna da ikon ware maki bayyananne ga shirin rediyo da aka adana, rubutun jarida a kan binciken mutum, ko taron mayar da sakamako ga al'ummar da aka yi aiki a cikinta, tare da sharaɗin cewa abin ya dogara ne a kan aikin da aka riga aka tantance, don kada a buɗe ƙofa ga masu surutu. Asusun TETFund, wanda ke ba da tallafin bincike na ƙasa, zai iya sa sharaɗin kowane aiki ya zo da taƙaitaccen bayani na shafi guda cikin harshen mutanen da aka yi binciken a kansu, a kuma ware wani ɗan kaso na kuɗin don komawa wurinsu. Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar NAERLS da aka kafa musamman don kai sakamakon binciken noma ga manoma, ga sassan koyar da aikin jarida da na harsunan Najeriya a kusan kowace babbar jami'a ta arewa. Abin da ya rage shi ne a haɗa ɗalibin kimiyya da waɗannan sassa tun yana shekarar farko ta digirinsa na uku, a sa bayanin minti biyar da Hausa ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da zai gabatar ranar kare kundinsa.